Keken Kulu a Ƙofar Gidan Tudu

Juma'a, 7 ga Mayu, 1993. Ƙarfe biyu na rana.

Jiya na kai 'yan ajina na shida Gidan Tudu. Wata biyu na yi ina shirya tafiyar nan. Tun da aka ba mu jiharmu nake ce musu, yanzu ba mu da wanda za mu jira ya faɗa mana tarihinmu, sai mu je mu gani da idonmu. Mun je, mun gani. Ganuwar na nan da sauran ƙarfinta, ga zaure uku, ga rijiyar da aka ce ba ta taɓa ƙafewa ba, ga soron da in ka hau za ka hango tafki har inda ido ya gaji. Baba Cindo, tsohon da ke tsaron gidan, ya zagaya da mu yana dogara sanda, amma da aka zo hawan soro sai ya zauna a ƙasa ya ce mu je mu dawo. Yaran sun fi kallon hannunsa na dama mai yatsa shida a kan ganuwar, sai da na harare su.

Kowa ya ji daɗi. Yara talatin da ɗaya, babu wanda ya yi amai a mota, babu wanda ya ɓata.

Ajina mutum talatin da biyu ne.

Yau Kulu ba ta zo makaranta ba.

Litinin, 10 ga Mayu. Bayan an tashi.

Ba ta zo ba.

Ita ke riga kowa. Tun daga kwanar masu kifi nake jiyo kukan sarƙar kekenta, ƙii-ƙii, ƙii-ƙii, tana murzawa da hannu. Sau nawa na ce a sa wa sarƙar nan mai, ta ce a bar ta, da ita take yi mini sallama tun daga nesa. Shan inna ya kama ƙafafunta tana shekara uku. Takan aje keken a gindin dogonyaro, ta sa silifas a hannuwanta, ta rarrafo har bencin gaba. Shekara biyu tana hannuna, ban taɓa ganin ta yarda an ɗauke ta ba.

Yau na kira rajista, da na zo kan sunanta na yi sauri na wuce. 'Yan ajin suka dubi juna. Yara sun san komai.

Talata, 11 ga Mayu. Hutun tara da rabi.

Fom ɗin jarrabawar shiga sakandare ya iso. Kowane yaro sai ya cike da hannunsa, kuma ranar Talata 25 ga wata za a mayar. Wanda bai cike ba sai baɗi.

Hedimasta ya tare ni a baranda. "Malama Nafisa, ina ɗiyar nan taki mai keke? Ita ce fa za ta fid da mu kunya bana."

Na ce ba ta jin daɗi.

Ban yi ƙarya ba. Gaskiyar ce ban faɗa ba.

Laraba, 12 ga Mayu. Takwas na safe.

Gindin dogonyaro babu kowa.

Alhamis, 13 ga Mayu. Bayan la'asar.

Na zauna duba rubutun da yara suka yi a kan tafiyar. "Mun ga gida babba. Mun sha ruwa. Mai gadi yana da yatsa shida." Kusan duk haka. A ƙasan aljihun tebur na ci karo da na Kulu, wanda ta kawo mini kwana uku kafin tafiyar ba tare da na sa ta ba. Shafi biyu. Ta bi tsofaffin unguwarsu ta tambayo: wane ne Magajin da ya gina gidan, me ya sa ya hau tudu tun kafin a yi mafarkin ruwa zai ci garuruwan ƙasa, a wane zaure ake sauraron ƙara. A ƙarshe ta rubuta, "Idan na je zan duba in ga ko abin da suka faɗa mini gaskiya ne."

Idan na je.

Ni na rubuta takardar sunayen masu tafiya. Da hannuna. Na tuna zafin rana, na tuna hawan tudu, na tuna dokin ƙofar zauren da ya kusa kai mini gwiwa, na ce a raina bari in hutar da yarinyar nan. Har daɗi na ji da na yi mata wannan tunani. Ban tambaye ta ba. Na karanta sunayen a aji da sauri, ina jin ko ba ta lura ba, ko ta ɗauka mantuwa ce.

Ran Alhamis ɗin tafiyar ta riga direba zuwa. An goge mata kayan makaranta, da sabon kitso, ga ɗan kwano ɗaure da ƙyalle a bayan keke.

Abin da na faɗa mata a bakin mota ba zan rubuta shi a nan ba.

Asabar, 15 ga Mayu. Ƙarfe biyar na yamma.

Na je gidansu a bakin ruwa. Na tarar da Inna Jummai, mahaifiyarta, tana juya kifi a kan banda, hayaƙi na cin idonta. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Da ma faɗa ta yi mini da ya fi sauƙi.

Can ta ce, "Malama, ran nan tun asuba tat tashi. Dafa-duka niy yi mata da kifi biyu, tac ce ɗaya na Malama na. Yadda niɗ ɗaure kwanon, haka tad dawo da shi."

Na rasa inda zan sa idona.

Kulu na rumfa tare da babanta, Malam Isa, suna ɗinkin komar kamun kifi. Ta ce, "Ina wuni, Malama," ba ta ɗago ba. Yatsunta na ta aiki. Na yi mata maganar fom, na ce saura kwana goma, na ce babu wanda ya kai ta a ajin. Na yi ta magana kamar ina gaban allo.

Ta ƙulla zare, ta cije shi da haƙori, sannan ta ce, "In na je can ma ai za a ce in huta."

Malam Isa ya ce, "Ke, Kulu!"

Na ce ya bar ta.

Lahadi, 16 ga Mayu. Bayan azahar.

Na hau kabu-kabu na koma Gidan Tudu ni kaɗai. Baba Cindo na zaune a kan buzunsa a inuwar zaure. Na faɗa masa ina da ɗaliba gurguwa da nake so ta ga gidan.

Ya ce, "Marhaban da ita. A ɗauko ta a shigo da ita."

Na ce ba ta yarda a ɗauke ta, tana da keke.

Ya girgiza kai. "Ɗiyata, wanga gida yana da doka biyu tun zamanin Magaji. Ba a shiga da takalmi, ba a shiga bisa abin hawa. Ko Bature da yaz zo da dokinai, nan yas sauka. Ni gado niy yi, ba ni niy yi dokar ba."

Na roƙa. Na kawo hujjoji irin na 'yan boko, yana ta murmushi. Da ya ga na kusa kuka sai ya ce akwai wata ƙofa ta baya, mai faɗi, ba ta da doki, inda jakai ke shigowa da itace da hatsi a da. Can babu ruwan doka da ita.

Na dawo ina murna. A kan babur har waƙa na riƙa yi a raina.

Litinin, 17 ga Mayu. Bayan magariba.

Ban san me ke damuna ba.

Daga makaranta gidansu na wuce, ko abinci ban ci ba. Na ce albishir, na samo hanya, akwai ƙofa ta musamman, keke zai shiga ba tare da wahala ba. "Ta musamman" na ce. Malam Isa ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Yana yaro ya sha kai kifi gidan, ya san kowace ƙofa.

Kulu ta ce, "Sauran 'yan ajinmu ta ina suka shiga?"

Na ce ta zaure.

Ta ce, "To."

Shi ke nan. Ta ci gaba da ɗinkinta.

Talata, 18 ga Mayu. Safe.

Ba ta zo ba. Saura mako ɗaya.

Laraba, 19 ga Mayu. Bayan la'asar.

Innata ta gaji da ganina ina juya tuwo a kwano ba na ci. Na ba ta labarin duka jiya, har da abin da ban rubuta a nan ba. Ta daɗe tana tsinkar zogale, sannan ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama haka kike. Ki saya wa mutum takalmi ba ki auna ƙafatai ba, kuma ki tsaya jiran godiya. Kin tambayi ɗiyar mi take so?"

Sau biyu ke nan ban tambaya ba.

Yau na je. Ban zauna a tabarma ba, na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce, "Kulu, yaya kike so a yi?"

Wannan karon ta ɗago. Idonta ya faɗa.

"Ta zaure, Malama. In an ce ba a shiga da keke, in sauka. In an ce a tuɓe takalmi, in tuɓe nawa. Kada dai a ɗauke ni. Kuma kada a taro 'yan aji su zo kallo."

Na ce filin cikin gidan tsakuwa ne, kuma rana na dafa shi.

Ta ce, "Hannuna ne."

Na buɗe baki, na tuna maganar innata, na rufe. Muka sa ranar Asabar. Maganar fom ba ta taso ba, ni ma ban tayar ba.

Alhamis, 20 ga Mayu. Biyar na yamma.

Na auna faɗin keken da igiya, na je na auna ƙofar zaure, ko da Allah zai sa. Akwai rarar taƙi guda. Baba Cindo yana kallona ina ta durƙuso da igiya, ya ce, "Auna da kyau, ɗiyata, amma dokar ba ta da faɗi balle ki auna ta."

Malam Isa ya ce zai zo da katakai biyu da yake ɗora kaya a jirgi da su. Na ce ai an hana keken. Ya ce, "Katako ba shi da nauyi cikin jirgi, Malama."

Juma'a, 21 ga Mayu. Bayan an sauko masallaci.

Hadari ya haɗu ya watse. Da ma an yi ruwan ko ƙasa ta huce.

Asabar, 22 ga Mayu. Bayan magariba.

Bari in rubuta a hankali, kada in bar komai.

A jirgin Malam Isa muka tafi, mu uku da keke. Ruwa ya ja baya sosai, sai da muka yi tafiya a cikin laka busasshiya kafin gindin tudun. Kulu ta murza har rabin hawa, jijiyoyin wuyanta duk sun fito. Ni da babanta muna biye, hannuwanmu a baya kamar masu laifi. Sai da ta ce, "Baba, kama," sannan ya tura. Injin jirgi ya ɓata mana lokaci a hanya, ba mu isa ba sai wajen sha ɗaya, rana ta riga ta yi ƙarfi.

Baba Cindo ya miƙe da sandarsa. Kulu ta gaishe shi, ta sauko daga keke da kanta. Malam Isa ya tuɓe takalminsa ya aje a gefen ƙofa, na aje nawa. Ita kuma ta zare silifas daga hannun dama, ta zare na hagu, ta kakkaɓe su, ta jera kusa da namu daidai wa daida. Takalma ƙafa uku a jere. Nata duk sun cinye ta wajen tafin hannu.

Ta ɗora hannunta a ƙasa. Na ga yadda ta ɗan janye, ta sake mayarwa. Ta ja jiki sau ɗaya, sau biyu, ta kama dokin ƙofar.

"Tsaya."

Baba Cindo ne. Ba mu yake kallo ba, silifas ɗin yake kallo.

"Jikanya, koma bisa kekenki."

Kulu ta ce, "Baba, an ce doka ce."

"Ni za ki koya ma doka yau? Koma niy ce."

Ta koma. Ya matso ya tsaya dab da keken, ya miƙe iyakar yadda bayansa zai bari, ya ɗora sandarsa a kwance daga kanta zuwa ƙirjinsa. Ko kafaɗarsa ba ta kai ba. Ya daɗe a haka yana motsa baki.

Sannan ya ce, "Kakana yab ba ni labari. Wani baƙo na yash shigo bisa doki, dattawa na zaune ƙasa, yana yi musu magana daga bisa kamar yana kiran awaki. Ran nan Magaji yac ce daga yau kowa zai shigo wanga gida, kansa shi zan daidai da na mutane. Shekara arba'in ina hana mutane, ban taɓa tuna mafarin ba sai yau." Ya sauke sandar. "Wagga ko tana bisa keke, daga ƙasa take kallonmu. In tas sauka, mu ne bisa doki."

Malam Isa bai jira an sake faɗa ba, ya ruga gangare ɗauko katakai kamar yaro.

"Sai dai fa," in ji Baba Cindo, "ƙafafun dokin naki sun taka hanya. Ba a tuɓe su, amma a wanke su."

Ya miƙa hannu zai ɗauki buta, na riga shi. Na durƙusa na cire ɗan ƙyallen da ke jakata. Taya uku. Laka ta bushe a jikinsu, sai na jiƙa na kankare da farce. Kulu na juya mini su a hankali. Ina kan na biyu, kaina a sunkuye, na ce, "Kulu, na yi miki laifi. Ba mantuwa na yi ba, cire ki na yi. Ki yafe mini."

Ruwa na ta ɗiga.

Can ta ce, "Malama, kin bar wuri nan."

Na duba, gaskiya ne, na bari. Na goge. Da na ɗago ta kau da kai, amma na ga gefen bakinta.

Aka ɗora katako ɗaya ta waje, ɗaya ta ciki. Ta murza da ƙarfi, keken ya hau, ya ɗan tsaya a kan dokin ƙofar har numfashina ya ɗauke, sannan ya gangara cikin zaure, ƙii-ƙii. Ƙarar ta cika ɗakin.

Ta yi ta tambaya. Ina ake zaunar da mai ƙara? Gaskiya ne rijiyar gaba goma sha biyu ce? Baba Cindo ya ce sha huɗu, ta ce tsohuwar unguwarsu ta ce sha biyu, ya ce tsohuwar unguwarsu ta taɓa faɗawa ciki ne? Suka yi ta yi. Zaure na uku ƙofarsa ta yi wa keken kaɗan, ta leƙa daga waje. Soro kuwa matakala goma sha ɗaya ne, ƙunci kamar maƙogwaro. Nan babu dabara.

Baba Cindo ya zauna a matakin farko ya ce, "Ni ma shekarata uku rabona da bisa. Gwiwa ta ƙi."

Kulu ta ce, "Malama, ki hau ki faɗa mana."

Na hau. Na leƙo ta taga ina ɗaga murya: ga tafki, ga jirage huɗu, ga wani tsibiri mai itace ɗaya. Daga ƙasa Baba Cindo na gyara mini, wai ba tsibiri ba ne, tudun kasuwar tsohon garinsu ne da ruwa ya bari. Ina jin Kulu tana tambayarsa ranar da kasuwar ke ci.

Da za mu fita, a zauren farko, ta tsayar da keke a bayan ƙyaure. "Baba, hannun wa ye wannan?"

Ba mu ga komai ba sai da muka durƙusa. Can ƙasa, a cikin tsohon yaɓe, sawun tafin hannun ƙaramin yaro ne. Ran da na kawo yara talatin da ɗaya duk ta nan muka wuce. Kulu ta bi yatsun da nata tana ƙirgawa. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta juyo ta dubi hannun tsohon.

Shida.

Baba Cindo ya dafa bango ya sauka a kan gwiwoyin da ya ce sun ƙi. Ya ɗora hannunsa a kai, ya rufe sawun gaba ɗaya. "Ranar yaɓe ta," ya ce. "Innata na kwaɓa ƙasa, niy yi ɓarna, tab bi ni da ludayi." Ya yi dariya, sannan ya goge ido da hannun riga. "Kullum nan nike zama. Ban san yana nan ba."

Da muka fito ya hana Malam Isa ɗaukar katakan. Ya ce a bar su a bayan ƙyaure, akwai wani makaho da wata tsohuwa a ƙauyen da suka daɗe suna tambaya, dokin ƙofar ne ke kayar da su. Malam Isa ya ce to shi da me zai ɗora kaya? Baba Cindo ya ce, "Da bayanka, ƙato da kai." Aka bar su.

A jirgi Kulu ta yi barci, kanta a jikin tayar da na wanke. Ba ta ce za ta dawo makaranta ba. Ban tambaya ba. Wannan karon ba don na yanke mata ba ne.

Lahadi, 23 ga Mayu. Bayan azahar.

An yi ruwan farko. Na fito da fom ɗinta daga jaka, na duba, na mayar. Sau uku.

Litinin, 24 ga Mayu. Bakwai da kwata na safe.

Na zo da wuri na share aji da kaina. Babu kowa tukuna. Na zauna ina rubuta wannan don hannuna ya sami abin yi. Hanya ta yi laka, ko mai ƙafa sai ya yi da gaske. In ba ta zo yau ba akwai gobe. In ba ta zo gobe ba

Ƙii-ƙii.

Litinin ɗin dai. Hutun tara da rabi.

Laka har gwiwar hannu. Ta wanke a bakin randa, ta goge a jikin siket, ta hau benci ta ce in ba ta fom. Ta cike shi ba gyara ko ɗaya, ta ce birona ba ya da kyau. Sannan ta turo mini wani ɗan kwano ɗaure da ƙyalle ta ƙarƙashin tebur, ba ta dube ni ba.

Na kira rajista a hankali, suna bayan suna.

Talatin da biyu.